Wa ya taɓa koyon zuzzurfan tunani irin na mabiya Buddha? Ina neman bayani

Ɗalibi_a_Pune:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya ce da ni, kuma don Allah a amsa min da ilimi, kada a far min. Karatun haɗa magunguna nake yi a garin Pune da ke Indiya. Abokin zamana a ɗaki ɗan Sri Lanka ne, mabiyin addinin Buddha. Kullum in na tashi sallar asuba shi ma sai ya tashi, ya harɗe ƙafa a kan matashi, ya rufe ido, ko motsi ba ya yi har kusan rabin awa. Da na tambaye shi sai ya ce numfashinsa kawai yake bi. Ni kuwa tun da aka shiga zangon nan barci ya ƙaurace min, in na buɗe littafi ido na kan takarda, hankali na Kano. Ya nuna min yadda ake farawa, na gwada, amma kafin in ja numfashi uku tunani ya kwashe ni. Yanzu ya ce in an ba da hutu in bi shi wani kwas na kwana goma da ake kira Vipassana a garin Igatpuri, wai kyauta ne har ci da makwanci. Akwai wanda ya taɓa yi a cikinmu? Ta ina mai koyo yake farawa? Kuma mene ne matsayin Musulmi a ciki?

Abu_Mus'ab:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, karatu aka tura ka. Ka riƙe sallarka da azkar na safe da yamma, ka bar wa masu gumaka abinsu. Iyakar abin da zan ce ke nan.

Hauwa_Jinya:
Abu_Mus'ab, yaron nan tambaya uku ya yi, ta ƙarshen kaɗai ka taɓa. Bari in ɗauki ta tsakiya, tunda aikin jinya nake a sashen masu taɓin hankali a nan Ingila, kuma muna koya wa marasa lafiya wani nau'i na wannan zaman.

Ɗalibi, kwashewar da tunani yake yi maka ba alamar kasawa ba ce. Kowa haka ya fara. Aikin dama shi ne ka lura hankalinka ya tafi, ka maido shi. In ya tafi sau ɗari ka maido shi sau ɗari, zama ya yi. Ka samu matashi mai tauri ka zauna a bakinsa yadda ƙugunka zai ɗan fi gwiwoyinka tudu, in ba haka ba baya zai ranƙwafa, ciwo ya biyo baya. Kujera ma ta wadatar. Ka miƙe baya ba tare da ƙanƙame jiki ba, hannu a cinya. Ka saita agogon waya minti goma ka kife ta. Sai ka sa hankalinka a ƙofar hanci, wurin da kake jin ɗan sanyin iska in ta shiga da ɗan ɗuminta in ta fita. Kada ka ja numfashi da gangan, kada ka tsawaita shi, ka bar shi yadda ya zo. In hankali ya ƙi zama, ka riƙa ƙirga fitar numfashi daga ɗaya zuwa goma, ka koma ɗaya. In ka tsinci kanka a sha huɗu ko ka manta inda kake, ka koma ɗaya ba tare da jin haushin kanka ba. Minti goma kullum ya fi awa guda ranar Lahadi kaɗai.

Sani_Kwari:
Wai dama Buddha ba shi ne mai ƙaton tumbin nan da ke dariya ba, wanda 'yan China ke ajiyewa a kan kanta? Na sha ganinsa a shagunan Guangzhou.

Mai_Bin_Tarihi:
A'a Alhaji Sani, wancan Budai ne, wani malamin addinin ɗan China da ya rayu wajen ƙarni na 10. Shi Buddha sunansa Siddhattha Gotama, ɗan sarauta ne da aka haifa a Lumbini, cikin Nepal ta yau, kimanin ƙarni biyar kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A Bodh Gaya ta jihar Bihar mabiyansa suka ce ya samu wayewar da yake nema, a Sarnath kusa da Varanasi ya yi wa'azinsa na farko. Bin numfashin da ake magana, sunansa anapanasati a harshen Pali, kuma yana cikin tsofaffin littattafansu.

Bulus_Wusasa:
Sannunku. Ni Kirista ne ɗan Zariya, kuma na yi kwas ɗin nan lokacin da nake digiri na biyu a Indiya, a wata cibiya tasu da ke arewacin ƙasar. Tsarin iri ɗaya ne a ko'ina, don haka bari in faɗi abin da ido ya gani.

Ranar da ka isa za ka miƙa waya, littafi, biro, komai. Maza ɓangarensu daban, mata daban. Daga daren nan har safiyar rana ta goma ba magana, ba nuni da hannu, ko haɗa ido ba a so. Malami kaɗai za ka iya yi wa tambaya, ko mai kula da ku in wata buƙata ta taso. Ƙarfe 4 na asuba ake kaɗa ƙararrawa, 4:30 kowa na zaune. Karin kumallo 6:30, abincin rana ƙarfe 11, kuma shi ne cin kirki na ƙarshe. Ƙarfe 5 na yamma sabon ɗalibi shayi da 'ya'yan itace kawai zai samu. Nama babu. Ƙarfe 7 na dare a sa bidiyon jawabin Goenka, malamin da ya yaɗa wannan tsarin, 9:30 a kashe fitila. In ka haɗa, kusan awa goma kake zaune kowace rana.

Kwana ukun farko numfashi ne zalla. Kullum ana ƙara matse wurin da za ka lura da shi, har ya koma ɗan filin nan tsakanin ƙofar hanci da leɓen sama. Da farko ba na jin komai a wurin. Wajen rana ta uku sai ga shi ina jin bugun jini a leɓe, da wani ɗan ƙaiƙayi da yake tasowa, ya yi ƙarfi, ya mutu da kansa ba tare da na sosa ba. Rana ta huɗu ake shiga Vipassana ɗin sosai: ka bi jikinka da hankali daga tsakar ka har yatsun ƙafa, gaɓa gaɓa, ka ga me kake ji a kowane wuri, zafi ne, nauyi ne, zugi ne, ko babu komai, ka wuce. Mai daɗi kada ka maƙale masa, marar daɗi kada ka gudu. Daga ranar kuma sau uku a yini akwai zaman awa guda da ake so kada ka warware ƙafa, kada ka buɗe ido. A nan ne gwiwa take faɗa maka gaskiya. Abin da ya ba ni mamaki, da na daure na zuba wa ciwon hankali, sai na ga ashe ba dunƙule guda ba ne, wani wuri zafi, wani wuri tsuka, kuma yana ta sauya wuri. Wannan sauyawar ita suke so ka gani da kanka, ita suke kira anicca, wato ba abin da yake dawwama.

Na amfana, ba zan ɓoye ba. Saurin fushina ya ragu ƙwarai. Amma ba hutu ba ne, aiki ne mai wuya, kuma akwai waɗanda suka haɗa kayansu suka tafi tun kafin a raba tsakiya.

Ummu_Sumayya:
Malam Bulus, mun gode da bayani filla-filla. Tambaya ɗaya: a cikin jadawalin nan ina lokacin sallah?

Bulus_Wusasa:
Hajiya, babu, kuma gara in faɗa ƙarara. A rubuce yake cikin ƙa'idojin da ake ba ka kafin ka cike fom: duk wata addu'a, ibada, azumi, jan carbi ko karatun wani abu, a dakatar har a gama kwas. Hujjarsu ita ce a ba hanyar dama ita kaɗai, kada a gauraya ta da wata. Ni na ajiye Littafi Mai Tsarki da sarƙar gicciye a wurin ajiya. Sannan daren farko ana maimaita wasu kalmomi da harshen Pali, cikinsu akwai "Buddham saranam gacchami", wato neman mafaka ga Buddha. Goenka yana bayanin cewa siffar wayewa ake nufi, ba mutumin ba. Ana kuma ɗaukar alkawura biyar: ba kisa, ba sata, ba kusantar mace ko namiji, ba ƙarya, ba maye. Gunki dai ban ga ko ɗaya ba a ɗakin zaman.

Ummu_Sumayya:
To ai magana ta ƙare a nan, ƙanena na Pune. Salloli hamsin ke nan. Babu natsuwar da za a saya da wannan farashin. Ban ce abokinka mugun nufi gare shi ba, wataƙila shi bai ma san nauyin abin a wurinmu ba.

Ɗan_Damagaram:
Ni dai ina ganin a raba abu biyu. Zuwa kwas ɗin daban, zama cikin ɗakinka ka lura da numfashinka na minti goma daban. Numfashi na Allah ne, ba na Buddha ba. In likita ya ce ka yi tafiyar ƙasa don hawan jini, ba ka tambayar addinin wanda ya fara gano amfaninta.

Abu_Mus'ab:
Tafiyar ƙasa ba ibadar kowa ba ce. Wannan kuwa ibada ce a wurin masu ita. Bambancin ke nan.

Malam_Na_Zaure:
Allah ya yi muku albarka. Abin da yake ba ni tausayi shi ne yaranmu suna ƙetare teku su ga abu ya burge su, alhali da tsohuwar zuma ake magani. Muna da muraƙaba, muna da tafakkuri, muna da halwa, muna da i'itikafi a goman ƙarshe na azumi. Annabi (SAW) ya keɓe kansa a kogon Hira kafin saukar wahayi. A hadisin Jibrilu an ce ihsani shi ne ka bauta wa Allah kamar kana ganinsa, in kai ba ka ganinsa shi yana ganinka. Duk wanda ya taɓa tsayawa inda 'yan Ƙadiriyya suke zikirin anfasu a Kano ya san ba yau muka san alaƙar numfashi da zuciya ba. Ɗana, ka zauna bayan sallar asuba inda ka sallame, kada ka taɓa waya, ka yi istigfari da salati da hailala a hankali har rana ta fito. Ka jure kwana arba'in ka zo ka ba mu labari.

Abu_Mus'ab:
Allah ya gafarta malam, zaman bayan asuba sunna ce, na yarda. Amma anfasu da bandiri ai wata maganar ce.

Mai_Kula_da_Zaure:
Jama'a, maganar ɗariƙa da Izala tana da nata zauren. A tsaya kan tambayar ɗalibi.

Alhaji_Bangkok:
Ni ba malami ba ne, ɗan kasuwa ne, kaya nake sarowa a kasuwar Pratunam ta Bangkok a ƙasar Tailan shekara da shekaru. Abin da na gani zan faɗa. Da sassafe limamansu suke fitowa cikin mayafi ruwan goro, ba takalmi, kowa rungume da ƙoƙonsa. Mata su fito bakin titi, su cire takalmi su ma, su zuba musu shinkafa. Limamin ba ya roƙo, ba ya godiya, idonsa a ƙasa. Akwai wata dattijuwa da nake sayen yadi a wurinta, in kasuwa ta yi sanyi sai ka ga ta zauna kan 'yar kujerarta ta lumshe ido. Ta ce min in ta shaƙi iska tana cewa "Bud" a zuci, in ta fitar ta ce "dho". To ka ga wannan ambaton suna ne, Musulmi ba zai yi ba. Amma gaskiya haƙurin matar nan ya isa, ban taɓa jin ta ɗaga murya ba ko da abokin ciniki ya ci mata fuska. Kuma ba duk 'yan Tailan ne suke yin zaman ba. Mafi yawa sadaka suke kai wa limamai, su kunna turare, su tafi harkarsu.

Mai_Bin_Tarihi:
Maganar Alhaji ta ƙarshe tana da muhimmanci. Shekaru aru-aru zuzzurfan tunani aikin limamai ne, su ma ba duka ba. Yaɗuwarsa cikin talakawa sabon abu ne, kuma a Bama, wato Myanmar, ya yi ƙarfi. Da Turawan Ingila suka tuɓe Sarki Thibaw a 1885, addinin ya rasa mai riƙe shi daga sama. Wani babban malami, Ledi Sayadaw, wanda ya rasu a 1923, ya ga in ba a miƙa ilimin ga mutanen gari ba zai ɓace, sai ya shiga koyar da su. Daga almajirinsa, wani manomi Saya Thetgyi, abin ya kai ga U Ba Khin, wanda shi ne akanta janar na farko bayan Bama ta samu 'yanci a 1948. Shi kuma S. N. Goenka ɗan kasuwa ne Ba'indiye da aka haifa a Mandalay a 1924. Ciwon ɓarin kai mai tsanani ne ya kai shi wurin U Ba Khin. Ya shekara 14 yana koyo, ya koma Indiya a 1969 ya fara koyarwa, aka buɗe cibiyar Igatpuri a 1976. A 1994, lokacin da Kiran Bedi take shugabantar gidan yarin Tihar a Delhi, an yi wa fursunoni kusan dubu kwas a lokaci guda. Goenka ya rasu a 2013, amma har yau muryarsa da aka naɗa ce take jan zaman. Kuɗin tafiyar da cibiyoyin daga gudummawar waɗanda suka kammala kwas yake fitowa, shi ya sa abokinka ya ce kyauta ne.

Zainab_Tudun_Wada:
Tunda an ambaci Myanmar, ni kam ba zan iya yin shiru ba. Waɗannan masu natsuwar ba su ne suka kori 'yan Rohingya ba? A 2017 sama da mutum 700,000 suka tsallaka Bangladesh, an ƙone musu ƙauyuka, har yau suna sansanonin Cox's Bazar. Wirathu da ya yi ta zuga jama'a a kan Musulmi ai limami ne mai mayafi. Ina zuzzurfan tunanin ya tafi a lokacin?

Ɗan_Damagaram:
Anti Zainab, abin da kika faɗa ya faru, ba mai musu. Sai dai kada mu yi musu kuɗin goro. Mu da muka san zafin a jingina mana aikin Boko Haram, bai kamata mu jingina wa yaron Sri Lanka da ke ɗaki ɗaya da ɗan'uwanmu aikin sojojin Myanmar ba. Dalai Lama ma, jagoran mabiya Buddha na Tibet, a shekarar ya fito ya ce da Buddha yana nan da ya taimaki Musulmin.

Zainab_Tudun_Wada:
Ban ɗora wa yaron laifi ba. Cewa nake zaman rufe ido shi kaɗai ba ya gyara zuciya. Mutum zai iya ƙwarewa a kai kuma ya kasance azzalumi.

Kabiru_Falsafa:
A nan Zainab ta taɓo ainihin maganar, kuma su kansu malaman Buddha za su yarda da ita. A wurinsu zaman nan kashi ɗaya ne cikin uku: sila, wato kyan hali, sai samadhi, tattara hankali wuri guda, sai panna, hikima. Suna cewa wanda bai tsare harshensa da hannunsa ba, zamansa ba zai kai ko'ina ba.

Shi ya sa ban gamsu da maganar Ɗan_Damagaram ta farko ba gaba ɗaya. Bin numfashi don hankali ya kwanta, wanda suke kira samatha, ana iya cewa kowa zai iya. Amma Vipassana tana da inda ta dosa. Ba don barci aka tsara ta ba. So ake ka gani a jikinka cewa komai mai gushewa ne, maƙale masa wahala ce, kuma babu wani "ni" tabbatacce a ciki, abin da suke kira anatta. Ƙarshen tafiyar shi ne nibbana, fita daga zagayen mutuwa da sake haihuwa. Na farkon bai saɓa mana ba, mu ma mun san duniya mai ƙarewa ce. Amma mu mun yi imani da rai da za a tashe shi a yi masa hisabi, da Mahalicci da ya yi shi. Addinin Buddha bai ginu a kan mahalicci ba. Duk wanda ya ce maka motsa hankali ne kawai, bai yi wa addininka adalci ba, bai yi wa nasu ba.

Hauwa_Jinya:
Malam Kabiru, na yarda da rabe-raben nan. Wanda muke yi a asibiti an tace shi da gangan. Jon Kabat-Zinn ne ya fara shi a 1979 a makarantar likitanci ta Jami'ar Massachusetts a Amurka, don masu ciwon da ya ƙi jin magani. Mako takwas ne, aji sau ɗaya a mako, sauran a gida, babu Pali, babu neman mafaka ga kowa, ba a hana ka ibadarka. Shi kansa bai ɓoye cewa daga mabiya Buddha ya koyo ba. A nan Ingila tun 2004 hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya ta amince da wani reshensa ga waɗanda ciwon damuwa yake yawan dawo musu. Ina da marasa lafiya Musulmi 'yan Pakistan da Somaliya da suka yi, wasu sun ce ya taimaka musu har wajen halarto da zuciya a sallah, wasu kuma suka ce ransu bai kwanta da shi ba, muka nema musu wata hanyar.

Abu ɗaya nake so kowa ya ji. Zama mai tsawo ba ya karɓar kowa. Wata mai bincike a Jami'ar Brown, Willoughby Britton, ta tattara bayanan mutanen da abin ya jawo wa firgita, rashin barci, ko jin kamar sun rabu da jikinsu. Fom ɗin kwas ɗin ma yana tambayar tarihin lafiyar ƙwaƙwalwa. Kai da barci ya riga ya ƙaurace maka, awa goma a rana ba wurin farawa ba ne ko da babu maganar sallah. In rashin barcin ya ɗauki makonni, ka ga likita.

Baƙo_Mai_Karatu:
Maganar Anti Hauwa gaskiya ce. Wani abokin karatuna ya je irin wannan zaman, ba zan faɗi wurin ba. Mahaifinsa bai daɗe da rasuwa ba a lokacin. Shirun ya taso masa da komai, ya dawo ba ya iya zama cikin mutane, sai da aka haɗa da asibiti. Ya warke, alhamdu lillahi.

Ɗalibi_a_Pune:
Na gode ƙwarai, kowa da kowa. Na buɗe shafinsu na karanta ƙa'idojin, yadda Malam Bulus ya faɗa haka yake. Na gaya wa abokina ba zan ajiye sallah ba, bai ji haushi ba, ya ce a garinsu ma ba kowa ne yake bin tsarin Goenka ba. Maganar zama a ɗaki kuwa ina nan ina juya ta, musamman bayan abin da Malam Kabiru ya rubuta. Amma Anti Hauwa, ga wata matsalar: da dare barci ba ya zuwa, amma da na zauna na rufe ido da safe sai gyangyaɗi. Ko a zaman azkar ɗin da Malam ya ce haka nake fama.

Mai_Bin_Tarihi:
Wannan tsohuwar matsala ce. Littattafansu sun lissafa abubuwa biyar da ke tare wa mai zama hanya: sha'awa, ƙiyayya, kasala da gyangyaɗi, rashin sukuni da nadama, sai kokwanto. Har akwai labarin wani babban almajirin Buddha, Moggallana, da gyangyaɗi ya dame shi, aka ba shi shawarwari bi da bi: ya ja kunnuwansa, ya murza hannu da ƙafa, ya tashi ya wanke ido da ruwa ya kalli taurari, ya yi ta kai da kawowa. In duk sun ƙi, ya kwanta ya yi barcin, amma da ya farka ya miƙe. Wani malaminsu na ƙarni na 5 a Sri Lanka, Buddhaghosa, ya kwatanta hankalin mai koyo da maraƙin da aka raba da uwa aka ɗaure a turke. Zai yi ta fizga, ya yi ta zagaye, in igiya ba ta tsinke ba daga ƙarshe a gindin turken zai kwanta. Numfashi ne turken, lura ita ce igiyar.

Hauwa_Jinya:
Gyangyaɗin bashin barci ne jikinka yake karɓa. Ka bar idonka a ɗan buɗe, kana kallon ƙasa kamar taku biyu a gabanka, haka mabiya Zen na Japan suke yi. Kada ka zauna a kan gado, kada ka zauna bayan ka cika ciki. Ko ka yi na tafiya: ka samu baranda mai tsawon taku goma zuwa ashirin, ka riƙa zuwa kana dawowa a hankali, hankalinka a tafin ƙafa, ɗagawa, miƙawa, saukewa. Almajiran Mahasi Sayadaw na Bama suna sauya shi da zama, awa guda nan, awa guda can. Sannan ka rage shayin Indiyan nan bayan la'asar.

Malam_Na_Zaure:
Ɗana, ka sabunta alwala da ruwan sanyi, ka ɗaga murya kaɗan a wuridin. Kuma ka kwanta da wuri bayan isha, ka yi ƙailula da rana ko ta minti ashirin ce.

Rahila_Jos:
Ni ban taɓa zuwa Indiya ba, a waya na koya, kuma wanda ya fi min amfani ba na numfashi ba ne, wanda suke kira metta ne. Za ka zauna ka yi wa kanka fatan alheri, sai wani da kake ƙauna, sai wanda ba ruwanka da shi kamar mai kayan miyan unguwa, sai wanda ya ɓata maka. Wurin na ƙarshen nan na daɗe ina cijewa. Mu da muka ga rikici a garin nan muna da mutanen da ko sunansu ba ma son ji. Yanzu na mayar da shi addu'a, ina roƙa musu alheri wurin Allah da sunayensu.

Kabiru_Falsafa:
Rahila, da kika mayar da shi roƙo ga Allah ai ya tashi daga metta ya zama addu'a. A nasu tsarin ba wanda ake roƙo, zuciyarka kake horarwa. Ban ce naki bai yi ba, cewa nake ba abu ɗaya ba ne.

Sani_Kwari:
To wai a Afirka akwai masu yin abin nan, ko sai an je Asiya?

Mai_Bin_Tarihi:
Akwai, amma ba yawa. A Afirka ta Kudu akwai babban wurin ibada na Nan Hua a Bronkhorstspruit, gabas da Pretoria, wanda wata ƙungiya daga Taiwan ta gina. A Uganda kuma wani ɗan ƙasar, Bhante Buddharakkhita, ya kafa cibiya a Entebbe a 2005.

Ɗan_Damagaram:
Malam Kabiru, ban bar maganarmu ba. In mutum ya tsaya a matakin farko, ya lura da numfashi don hankalinsa ya taru, bai ambaci sunan kowa ba, bai ƙudurce aƙidar kowa ba, sannan ya tashi ya buɗe littafinsa, me ya rage na addinin Buddha a ciki?

Kabiru_Falsafa:
Wataƙila babu. Sai dai wanda ya ji daɗin matakin farko yakan nemi na biyu, kuma littattafai da bidiyon da zai samu duk can suka nufa. Ni da zan ba shi shawara, ya kai tambayar gaban malamin da ya san fiƙihu kuma ya yarda ya saurari yadda ake yin zaman dalla-dalla kafin ya ba da fatawa. Masu amsawa kafin su ji tambaya sun yi yawa.

Ummu_Sumayya:
Anti Hauwa, ni ma ina da tambaya. 'Yata ta gwada na wayar nan saboda fargabar jarrabawa, ta ce kanta yana sarawa kuma ƙirjinta yana ɗaurewa. Lafiya kuwa?

Hauwa_Jinya:
Hajiya, galibi hakan na faruwa in mutum yana jan numfashi da ƙarfi, ko yana tattare gira yana tura ido wajen hanci. Ta saki fuska, ta ɗora tafin hannu a ciki ta bi tashinsa da saukarsa maimakon hanci, kuma ta rage zuwa minti biyar. In ɗaurewar ƙirjin tana zuwa ko ba a zaune take ba, ko tana haɗuwa da bugun zuciya, ta dakata da zaman ku je a duba ta. Shekarunta nawa?